Tsakuwa Ta Bakwai

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen mutanen da na yi shekaru ina ambata a rediyo, amma ranar Babbar Sallar da na yi a Mina tare da mahaifina ba za ta fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni. Kuma duk abin da ya faru ran nan a kan tsakuwa biyu ya faru, kowacce ba ta wuce ƙwayar gujiya ba.

Sai na fara faɗa muku aikina, in ba haka ba ba za ku gane yadda mutum da hankalinsa zai yi abin da na yi ba. Ni mai ba da labarin wasan kurket ne. Na rubuta shi a jarida, na faɗe shi a rediyo, da shi na ci abinci har na yi furfura. Na san yawancinku ba ku taɓa kallonsa ba, kuma ban ga laifinku ba. Wasa ne da Turawa suka kawo makarantunmu. A kafa sanduna uku, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da faffaɗan katako yana tsaronsu, wani ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallo mai tauri don ya kayar da su. Kowa sanye da fararen kaya. Ana iya wuni ana yi, a tashi a sha shayi, a dawo, gobe ma a ci gaba, wani lokacin a watse ba wanda ya ci. Abu ɗaya kawai nake so ku riƙe. Mai jifa sau shida yake jefawa, daga nan alƙalin wasa ya ce an juya, sai wani ya karɓa daga ɗaya ɓangaren. Shida, a juya, shida, a juya, haka har rana ta faɗi.

A kwaleji na koya. Da malaminmu ya lura ƙwallo ta fi samun ƙwaurina a kan katakona, sai ya ce in bar filin in koma ƙirga. Shi ya nuna mini dabarar alƙalai: a riƙe tsakuwa shida a hannun hagu, duk jifa ɗaya a mayar da ɗaya dama, in hagu ta ƙare an juya ke nan. Ni kuma na ƙara nawa wayon. Bakwai nake ɗiba, kafin a fara in zura ɗaya a aljihu, ko da wata za ta suɓuce cikin ciyawa. Da na samu aiki a gidan rediyo a Kaduna na tafi da tsakuwoyina. Shekara takwas na yi ina wannan kafin tafiyar da zan ba ku labarinta, har ta kai hannuna ya daina shawara da ni. Ko gyaɗa aka zuba mini a tafin hannu, sai na tsinci ƙwaya ɗaya a aljihu daga baya. Da abin nan nake taƙama. Na sha faɗa wa masu sauraro a shirina na ranar Asabar cewa shida a hannu, ɗaya a aljihu, ban taɓa ɓatan ƙirga ba.

Mutum ɗaya ne duk wannan bai burge shi ba, Baba. Magini ne a Zariya, irin na da, wanda zai ɗaga kai ya dubi soro ya ce damina uku ta rage masa, kuma haka za a yi. Ni ne ɗansa na fari, don haka ko sunana bai taɓa kamawa ba, “kai” ne ko “wannan”. Wannan al'ada ce, ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne tun ranar da na kama aikin nan ya daina sa ni komai. Aike, saƙo, shawarar gida, duk ƙanena ake kira. In an tambaye shi me babban ɗansa yake yi, sai ya ce, “Jifa yake kallo.” Ya taɓa ce wa mahaifiyata bai gane yadda ƙatti masu gemu za su wuni suna jifan itace uku ba, balle a ɗauki ɗan mutane a ce ya zauna yana ba da labarinsu. Da albashina na farko na saya masa rediyo. Bai kwana uku ba ya bayar da ita ga telan da ke ƙofar gidanmu. Na yi dariya a gaban mutane, amma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Shekarar da ya tashi zuwa Hajji, ƙanena ne zai raka shi. Sai ciwo ya kwantar da ƙanen nawa ana saura kwanaki, aka rasa yadda za a yi, aka ce in je tunda na iya cika takardu. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. A jirgi ma, tun daga Kano har Jidda, abin da ya haɗa mu bai wuce in miƙa masa buta ba.

A Makka mun sauka a unguwar Hindawiyya, gidan ƙanwarsa. Gwaggo ta zo ne da ƙafa ita da mijinta tun ina goye, mijin ya rasu, ita ta zauna. Ɗaki biyu ne na katako da kwano a cikin wani lungu, da ɗan tsakar gida inda take girka tuwo da waina tana sayarwa. Lokacin Hajji kuwa sai ta kwashi tukwanenta ta bi alhazai Arfa da Mina. Gajeruwa ce, mai murya, Hausarta ta cakuɗe da Larabci ta yadda sai ka kasa kunne sosai. Bayan an gama koke-koken ganin juna, an tambayi waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, sai ta juyo kaina ta ce wannan me yake yi? Baba ya ba ta amsar da ya saba.

Ni kuwa na ga dama ta samu, ga Baba a zaune ba inda zai je. Na ce bari in nuna mata. Na jera kwalabe uku a jikin bango, na ari muciyarta, na ba ta lemon tsami, na ce ta tsaya can bakin ƙofa ta gwada kayar da kwalaben, ni kuma zan tsare. Na gyara tsayuwa irin ta littafi, gwiwa a lanƙwashe, haɓa a kan kafaɗa. Ina cikin yi mata bayanin yadda ake riƙe ƙwallo sai na ji tas. Kwalbar tsakiya ta kwanta, muciya ko motsi ba ta yi ba.

“Halas?” in ji Gwaggo. “Shi ke nan wasan? Ya waladi, shekara ashirin da ɗoriya ina jifan Shaiɗan, kwalba ce za ta gagare ni?”

Na waiwaya na ga Baba ya rufe fuska da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Don in rufe kunya sai na cika baki. Na ce su bari mu je Mina, a nan za su ga bambancin wanda ya karanci jifa da wanda ya tsince shi a hanya. Gwaggo ta ce tayyib, Allah Ya kai mu.

Hajjin shekarar ya faɗo cikin zafi. Baba yana da tsohon ciwo a ƙafa, tun wata faɗuwa da ya yi daga kan gini, kuma tsayuwar Arfa ta tayar masa da shi. Ya ƙi zama, ya ƙi inuwa, ya wuni yana addu'a a tsaye. Kafin mu bar Muzdalifa ƙafar ta kumbura. Duk da haka bai yarda kowa ya tsintar masa tsakuwa ba. Da gari ya fara wayewa na gan shi zaune a ƙasa yana zaɓe, ya ɗauki wannan ya juya ta ya yar, ya ɗauki waccan ya auna a yatsa, yadda yake zaɓen tubali. Ni kuwa hannu na sa na dumbuzo, na ƙirga bakwai.

Da ƙyar muka kai shi tanti a Mina. Jifan ranar Salla a wuri ɗaya ake yi, tsakuwa bakwai, kowacce da kabbara, kuma sai an yi shi ake aski a cire harami. Baba ya yunƙura sau biyu, ƙafa ta ƙi. Malamin tawagarmu ya zo ya duba shi, ya yi masa bayanin abin da ke kansa, ya ce ya wakilta wani, shi kuma daga kwance ya kintaci lokacin jifan ya riƙa kabbara. Na ɗauka malamin zai ba wa, ko Gwaggo, wadda ta riga ta kafa murhu a bayan tantinmu. Sai na ga ya kwance bakin mayafinsa, ya fito da ɗan ƙulli, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

“Naka tukuna, sannan nawa,” in ji shi. “Bakwai ne.”

Na ce to, Baba. Na kai bakin tanti sai ya sake cewa, “Kai. Bakwai.”

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kama ni har idona ya ciko. Shekara takwas mutumin nan bai aike ni ko sayen goro ba, yau ga shi ya damƙa mini aikin Hajjinsa, abin da ya yi shekaru yana buri. Amma maimaitawar ta ɗan sosa mini rai. Ni za a koya wa ƙirga? Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai kullum bakwai nake ɗauka. Gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta kayar da ni.

Wurin jifa ya cika ya batse. Ban taɓa ganin hannuwa da yawa haka a sama lokaci ɗaya ba. Ni da na saba kallon mai jifa ɗaya in yi minti biyar ina sharhi a kansa, sai ga dubbai. Na yi niyyar in tattara hankalina ga ibada, Allah Ya sani na yi, amma bakina ya fara aiki da kansa a hankali. Ga wani dogon Baturke, hannu mai kyau amma yana sakin tsakuwa da wuri. Ga wata ƴar tsohuwa daga ƙasashen gabas, daga ƙasa take cillowa kuma ba ta kuskure. Ga wani Basakkwace da ya gama nasa bakwai bai huce ba, ya tuɓe takalmi ya bi da shi, yana faɗa wa Shaiɗan abin da ya yi masa tsakaninsa da surukinsa. Na yi istigfari, na kama bakina, na kutsa har na samu fili.

Harami ba shi da aljihu, amma akwai bel ɗin nan mai ɗan aljihu da alhazai ke ɗaurawa a ƙugu. Na kwance ƙullina, na zuba tsakuwoyi a hannun hagu. Abin da hannun dama ya yi a wannan daƙiƙar ban gani ba, ban ji ba. Na ja baya taku uku, na miƙe hannu sama sosai kamar yadda ƙwararru ke yi, na saki ta farko da kabbara. Ta faɗa daidai. Na biyu ma haka. A ta huɗu mayafina ya zame, na gyara. Da hannun hagu ya zama wayam sai na ji bakina ya ce, “An juya.” Na matsa gefe, na kwance ƙullin Baba, na yi niyya a madadinsa, na sake yi. Nasa ma sun fi nawa kyau, don na natsu, kowacce sai da na bi ta da ido har ta sauka. Hannu ya sake zama wayam. Na karkaɗe tafina na juyo, ina jin duk Mina ba wanda ya yi jifa mai tsabta irin nawa.

A hanyar komawa na tarar da wani wanzami Bahaushe, maƙwabcin Gwaggo a Hindawiyya, ya shimfiɗa buhu a gefen hanya yana aski. Na zauna ya kwashe mini gashi tas. Na ce ya biyo ni ya yi wa Baba nasa, tunda an jefa masa.

Na shiga tanti da sallama, kai yana ƙyalli. Gwaggo ta leƙo da ludayi a hannu. Ban jira an tambaye ni ba na fara ba da rahoto da muryar aiki, tun daga yanayin fili, da inda iska ke kaɗawa, da Baturke, da mai takalmi, har zuwa yadda tsakuwar Baba ta ƙarshe ta sauka a tsakiya. Baba yana kishingiɗe yana saurare. Wanzami ya tayar da shi zaune, ya jiƙa masa kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya ɗora yatsu a goshinsa. Aska na gab da taɓa gashi Baba ya ɗaga hannu.

“Dakata,” ya ce wa wanzami. Sannan ya ce da ni, “Kai, buɗe aljihun bel ɗinka.”

Na ce ba komai a ciki sai takardar shaida. Ya ce in buɗe dai. Na zura yatsa ina murmushi, sai na taɓa abu mai tauri. Na fito da su na buɗe hannu. Tsakuwa biyu.

Na sha jin kunya a duniya. Na taɓa kiran wanda ya ci wasa da sunan wanda aka kayar, ƙasa duka tana ji. Amma ban taɓa jin abin da na ji a tantin nan ba. Gumi ya karyo mini daga sabon askin har cikin ido. Da wanzami ya sa askar nan, da na jawo wa tsoho aski kafin jifansa ya cika, a Hajjin da ba lalle ya sake samun wani ba, kuma a aike na farko da ya yi mini cikin shekara takwas.

Gwaggo ce ta fara magana. “Esh hada, mene ne wannan? Sitta ka jefa, shida kacal? Yaya, wannan ne wanda ya karanci jifa?”

Aka kira malam. Ya saurara, ya yi ta shafa gemu, ina ganin yadda yake danne dariya saboda girman wurin. Ya ce abin bai ɓaci ba tunda rana ba ta faɗi ba. In koma yanzu in jefa ɗaya tawa, ɗaya ta Baba, kada in cire harami, kada in rufe kai. Baba dai ya tsira, sai ya jira. Ni kuwa da na riga na yi aski, fidiya ta hau kaina: ko yanka, ko azumi uku, ko ciyar da miskinai shida.

“Ba shi na shidan, Malam,” in ji Gwaggo. “Wannan ba zai ɓata ba.”

Har wanzami sai da ya ajiye aska ya yi dariya. Ni dai ina tsaye da tsakuwa biyu, sai wata matsalar ta faɗo mini: wacce ce tawa, wacce ce ta Baba? Malam ya ce ba komai, niyya ce. Amma Baba ya ce in matso. Ya dube su sau ɗaya ya nuna wata mai ɗan ja, mai santsi, ya ce wannan ce tasa, ɗayar mai kaifin baki kuwa shi ba zai tsinci irinta ba. Gwaggo ta sauke tukunya, ta bar wa maƙwabciyarta wuta, ta ɗaura gyale a ƙugu. Ta ce ba za a sake sakina ni kaɗai ba, da ita za a je, ta ga ko na iya ƙirga ɗaya.

Rana ta take tsaka lokacin. Wanda bai taɓa yawo da sabon aski a ranar Mina ba, ba zai gane ba, ji nake kamar an kifa mini kaskon waina. Gwaggo tana gaba tana raba mutane da gwiwar hannu, tana “Ɗarig, ya hajji, ɗarig,” wato a ba da hanya, ni ina biye kamar ɗan akuyar da za a kai kasuwa. Duk wanda ta sani a hanya, kuma ta san rabin Mina, sai ta tsaya ta gaya masa inda za mu da dalili. Kafin mu isa, Hausawan Makka sun raɗa mini suna Alhaji Sitta.

Taron ya fi na safe. Wannan karon ban ga Baturke ba, ban ga kowa ba, bakina ma ya mutu. Na jefa tawa, ta faɗa. Sai na riƙe ta Baba. Tun da na fara ƙirga a duniya, ran nan ne kaɗai ba ni da ta ajiya a aljihu. Na san in ta kauce zan iya tsintar wata, amma ba za ta zama wadda tsoho ya zauna a ƙasa da kumburarriyar ƙafa ya zaɓa ba. Na fara ja da baya don in ɗauki taku uku, sai Gwaggo ta damƙe mini bel.

“Bar wannan iya yin,” ta ce. “Matsa kusa. Suwayya-suwayya, a hankali. Ka ambaci Allah ka sake ta.”

Na matsa har ƙirjina yana gugar bayan wani. Na yi niyya a madadin Baba, na yi kabbara, na cilla ta da yatsu biyu, irin jifan ƴar tsohuwar nan ta safe. Ban ma ga saukarta ba, hawaye da gumi sun rufe mini ido. Muryar Gwaggo na ji tana sanarwa, da ƙarfin da ko ni ban taɓa yi a rediyo ba, cewa ta faɗa.

Da muka dawo aka yi wa Baba aski. Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, Gwaggo ta koma kan tukwanenta, muka rage mu biyu a bakin tanti, ni da jiƙaƙƙen tsumma a ka. Na daɗe ina juya tambayar kafin na yi ƙarfin hali. Na ce, Baba, ya aka yi ka san suna cikin bel?

Bai dube ni ba. Yana kallon duwatsun Mina ya gyara murya, ya ɗan shaƙe ta ta hanci, ya ce, “Jama'a masu sauraro, shida a hannu, ɗaya a aljihu, ban taɓa ɓatan ƙirga ba.”

Muryata ce. Har inda nake jan numfashi bai bari ba. Nan take na tuna ƙorafin da mahaifiyata ta yi shekaru tana yi, wai Baba yana da wata riga wurin telan ƙofar gida da ba ta ƙarewa, duk Asabar bayan la'asar sai ya je ya zauna jiranta. Gwaggo ta leƙo daga bayan tanti ta ce ita ma da safe ta ji kabbara shida ya yi ya tsaya, ta ɗauka tsufa ne. Baba ya ce ba tsufa ba ne, ta bakwai riƙe ta ya yi sai da muka koma.

Na ce, to Baba, tunda ka san haka zan yi, me ya sa ka ba ni? Ga malam, ga Gwaggo.

Ya ce, “Wanda ya shekara takwas yana ƙirga shida bai ɓata ba, ai shi ake ba wa amana. Ɗaya ce kawai za a ƙara masa.” Ya ɗan gyara ƙafarsa, ya ƙara da cewa, “Wasan dai na banza ne.”

Na sa tsumman nan na rufe fuska, na bar shi ya ɗauka zafin rana ne.

Sauran kwanakin jifa ni na ci gaba da yi masa, Gwaggo tana gefena tana ƙirgawa da Larabci da ƙarfi, in ta kai sitta sai ta daka mini gwiwar hannu a haƙarƙari kafin ta ce saba'a. Miskinai shida kuwa a tukunyarta aka ciyar da su a Hindawiyya, kuma ta tsaya a kaina sai da na ƙirga su a gabanta.

Na yi shekaru masu yawa bayan nan ina aikin kurket. Baba bai taɓa zuwa fili ba, bai kuma sake ambatar shirina ba har ya rasu, rigarsa dai ba ta taɓa ƙarewa a wurin tela ba. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, inda mutum ya fi ƙwarewa nan ya kamata ya fi tsayawa ya duba hannunsa, don kuskuren gwani ba ya zuwa da shakka, da taƙama yake zuwa. Ta kuma koya mini kada in yanke wa mai shiru hukunci. Na shekara takwas ina magana da ƙasa guda, ina jin haushin mutum ɗaya da ya ƙi saurarena, ashe shi ne ya fi kowa riƙe abin da nake faɗa. Har yau in na ɗebi abu nakan laluba aljihu kafin in ce na gama, kuma duk ranar da na taɓa ɗaya a ciki, Baba nake yi wa addu'a.